Furen da ya ƙi sauka: amsa ga mai rubuta labarin mutanen dutse

Wata ɗaliba daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maradi ta aiko mini da tambaya, na nemi izininta in amsa a fili. Ga abin da ta ce, a taƙaice:

"Baba, ina rubuta ƙagaggen labari a kan wata al'umma da babu ita a duniya, masu zama bisa wani dogon dutse. Suna da fure mai tsarki da suke bukukuwansu da shi. Na sa masa suna Furen Haske. Yana walƙiya da dare, yana warkar da kowace cuta, har matacce yana tayarwa. Ƙawayena sun karanta sun ce furen bai shiga ransu ba, wai kamar manna shi na yi da ƙaro. An ce mini kun yi aikin gandun daji har Abzin. Yaya zan yi ya zama kamar gaske? Kuma ina tsoron a ce tallar tsafi nake yi."

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ƙawayen nan naki ki riƙe su hannu biyu, sun gaya miki abin da mai son ki kaɗai ke iya faɗi. Na karanta babi ukun da kika haɗo. Hausarki da daɗi, mutanenki suna da rai, amma furen ya tuna mini da masu tallar magani a tasha, waɗanda ke ɗora lasifika bisa mota suna cewa kwalba guda tana maganin basir da shawara da sanyin ƙashi da rashin haihuwa. Kowa na saurare, wasu har su saya, amma babu wanda ya yarda har zuci. Kuma tunda furenki yana tayar da matacce, mutuwa ta rasa aikin yi a littafinki. Wanda aka kashe a babi na biyar mun san zai miƙe a na shida, to kuka na mene ne?

Ni aikina itatuwa ne, shekara talatin da ɗoriya, karatun littattafan hira kuwa bayan ritaya na ɗauke shi. Don haka amsar mai gandun daji zan ba ki. Kin fara da biki, sannan kika nemo fure kika ɗora masa. Ki juya aikin. Fara gina tsiron, ki san inda yake fitowa, da abin da yake sha, da abin da ke kashe shi, da lokacin da yake huda. In tsiron ya tsaya da ƙafarsa, bikin zai fito daga jikinsa da kansa.

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu Hausawa musamman, wadda ban ga kin lura da ita ba. Mu ba mutanen fure ba ne. Ki shiga babbar kasuwa wajen masu magunguna ki duba abin da aka baza bisa buhu: saiwa, sassaƙe, ganye, ƙaro, kauci, ƴaƴan itace. Fure kaɗan ne ƙwarai. In muka kula da fure, yawanci don ci ne, kamar na zogale, ko dubagara ta aduwa da ake kwaɗo. Amaryarmu lalle ake sa mata, a turara ta, a shafa mata humra. Miƙa mata damin furanni jiya-jiyan nan muka gani a majigi muka ara. Manomi kuwa in ya ce gero ya yi bununi ko wake ya yi huda, lissafin rumbu yake yi, kyawun abin bai dame shi ba. Saboda haka mai karatunki na Maradi ko Tasawa ko Katsina, da ya ji al'umma guda sun durƙusa gaban hure, kamar yadda muke faɗa a nan, zai tambayi kansa: me ya kai su? Ruwa ba ya tsami banza. Sai kin ba shi dalilin da manomi zai gane.

To bari mu hau dutsen tukuna, don na lura a rubutunki ba ki taɓa hawa ba, kuma ba laifinki ba ne. Maradi ba ta da dutse. Babban hawan da garin nan ya taɓa yi shi ne na 1945, lokacin da Gulbi ya ci tsohon gari mutane suka koma tudu. Garin bai kai mita 400 bisa teku ba. Amma ƙasarmu tana da duwatsu na gaske, kuma ba baƙi ba ne gare mu, tunda Gobirawan Tibiri da bakinsu suke cewa kakanninsu daga Abzin suka gangaro. Ƙololuwar Bagazan, wadda Buzaye ke kira Idukal-n-Tages, mita 2,022 ce, babu inda ya fi ta tsawo a Nijar. A matsakaici, duk mita 1,000 da mutum ya hau zafi kan ragu da digiri 6 da rabi. Ki yi lissafi, tsakanin tsayin Maradi da na kan Bagazan akwai tazarar da ta kai digiri 10. Daren farko da na kwana a can sama cikin hunturu, na tashi alwalar asuba na tarar ruwan buta ya yi fata ta ƙanƙara. Da hantsi kuma rana ta dinga dukan wuyana kamar ina gonar gyaɗa. Abin da zan so ki ɗauka daga can shi ne wannan: a kan dogon dutse, kowace rana bazara ce, kowane dare tsakiyar ɗari ne.

Abu na biyu da za ki ɗauka shi ne ruwa. Mutanen kan Bagazan da idanun ruwa suke rayuwa, da su suke ban ruwan garake na albasa da tafarnuwa da dankali, a tsakiyar ƙasar da ko'ina ka waiga duwatsu ne baƙaƙe. Kuma a can sama akwai wani zaitun na daji, ragowar zamanin da Sahara ke da ruwa. Da wuya ka ga ƙaraminsa da ya tsiro daga iri, tsofaffin kututture ne ke ta sake toho. In ka tsaya gabansa sai ka ji kamar ka tarar da dattijon da tsaransa duk suka rasu. Irin wannan jin nake so mai karatu ya samu gaban furenki.

Tsiron da zai rayu a sama yana da abokan gaba da na ƙasa bai san su ba, kuma siffarsa duka amsa ce gare su. A Dutsen Kenya da tsaunukan Habasha akwai wasu tsirrai masu ganye a zagaye kamar kan kabeji. Wasunsu da yamma sukan naɗe ganyensu su rufe tohon da ke tsakiya, da safe su buɗe. Wasu ba sa yar da busasshen ganye, sai su bar shi ya lulluɓe musu jiki kamar bargo. Wasu suna tara ruwa a tsakiyarsu, samansa ya daskare da dare, ƙasansa ya kare tohon. Edelwais na tsaunukan Turai farin gashi ya rufe shi kamar ulu, yana kare shi daga ƙunar rana da bushewar iska. Sannan ƙwari sun yi ƙaranci a sama saboda sanyi, shi ya sa wasu manyan furannin Dutsen Kenya tsuntsun sha-huda ne ke ɗaukar musu garin haihuwa daga wannan zuwa wancan. Dangin sha-hudar nan ne da kike gani yana shawagi kan kauci a bayan gari. Kuma komai a sama a hankali yake girma. Da yawa cikin irin waɗannan tsirrai sukan share shekaru suna tara ƙarfi, su yi fure sau ɗaya tak, su zubar da iri, su mutu.

A naki rubutun furen yana da laushi, dogo, kamar wanda aka shuka a tukunya ƙofar otal. Iskar dare ɗaya ta ishe shi.

Yanzu batun tsarki. A iya yawon da na yi, tsiron da mutane ke girmamawa yawanci wanda ya saɓa wa sauran ne. Dubi gawo. Da damina, kowane itace ya yi kore, shi sai ya kaɗe ganye ya tsaya tsirara, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa. Da rani kowa ya bushe shi ya yi ganye, dabbobi su samu inuwa da abinci. Ba banza ba ake ba da labarin sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani kan mai saran gawo. Dubi kariya, da ke fitar da jan fure bisa reshe tsirara a tsakiyar rani, ga kyau ga dafi. A kudancin Indiya akwai wani tsiro da ake kira kurinji, shekara 12 yake yi kafin ya yi fure, sai tsaunuka su koma shuɗi gaba ɗaya, sannan ya mutu. Ya yi a 2006, ya sake a 2018. Mutanen Paliyan na wannan yanki da shi suke ƙirga shekarunsu a da. Ki tsaya ki yi tunanin wannan: tsohuwa ta ce miki "na ga fure shida", kin san ta haura sittin. Jimla guda irin wannan a bakin wata kaka cikin littafinki ta fi shafi biyar na bayanin walƙiya.

Fure mai tsarki na kan dutse akwai shi a zahiri, kuma ya kamata ki san yadda masu shi ke yi da shi. A tsaunukan Himalaya, a jihar Uttarakand ta Indiya, akwai wanda suke kira brahma kamal. Sama da mita 3,000 yake fitowa, cikin damina yake buɗewa, kuma ainihin furen yana ɓoye cikin wasu ganyaye shara-shara kamar takarda, masu riƙe masa ɗumi. Mabiya addinin Hindu suna kai shi wuraren bautarsu na Kedarnat da Badrinat. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokokin ɗiban sa. A al'adar ƙauyukan can ba a taɓa shi sai bikin abar bautarsu Nanda ya zo wajen ƙarshen damina, kuma masu hawa ɗebo shi ba takalmi suke tafiya. Su a wajensu ladabi ne ga abin bautarsu. Ni mai gandun daji kuwa abin da na gani shi ne, an hana tsinka sai lokaci ya ja, kuma wanda ke taka dutse mai sanyi da tafin ƙafa ba zai daɗe yana yawo yana ɓarna ba. A Habasha kuma akwai adey abeba, ɗan rawayan fure da ke rufe tuddai a watan Satumba bayan ruwa ya ɗauke, ƴan mata su ɗebo shi su zaga gidaje da waƙa ranar sabuwar shekararsu. Furen nan ba ya warkar da kowa. Labari kawai yake kawowa cewa damina ta ƙare lafiya, kuma hakan ya isa a yi masa biki.

Ba sai kin je Indiya ba ma. Tarihin Kano ya ce Barbushe yakan shiga wurin Tsumburbura shi kaɗai, wani itace da aka kewaye da katanga, jama'a na jira a waje da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekara. Buɗin dajin da Anna masu addinin gargajiya ke yi, irin na Masalata kusa da Ƙonni, gindinsa ke nan: a duba yadda shekara za ta kasance, sannan a buɗe wa mutane daji. In kika tone waɗannan al'adu za ki tarar da tambaya guda a ƙasa: za mu ci abinci bana ko ba za mu ci ba? Mutanen dutsenki ma suna da tambayar da ke hana su barci. Nemo ta, ki sa furen ya zama shi ke amsa ta.

Bari in ƙaga miki misali, ba don ki kwafa ba, don ki ga yadda ake ɗinkin.

A ce mutanenki idon ruwa bakwai gare su, da su suke noma. A ce can ƙololuwa, a gefen da rana ba ta cika duka ba, inda gajimare ke kwana, akwai wani tsiro a tsagar dutse. Faɗinsa kamar faifai, ganyensa a zagaye, farin gashi ya rufe shi, da dare ya dunƙule kamar hannun jariri. Yana da saiwa mai kauri kamar rogo inda yake ajiyar ruwa. Shekara bakwai ko fiye yake girma, kuma ba ya fure sai saiwar ta cika. Ba ta cika sai gajimare ya yi ta kwana a ƙololuwa. Ruwan gajimaren nan shi ne ke tsiyaya cikin dutse ya fito a idanun ruwa bayan watanni. Kin ga abin da ya faru? Shekarar da furanni suka yi yawa, ruwa zai kai su ƙarshen rani. Shekarar da suka yi kaɗan, idanu za su ƙafe, dole wasu gidaje su sauka ƙasa cin rani, kuma ba duka ke dawowa ba. Furen bai yi wani sihiri ba. Amma shi ke faɗin wanda zai zauna da wanda zai tafi, tun wata huɗu kafin kowa ya sani.

Daga nan bikin ya fito da kansa, kuma bikin ƙirga ne. Tsohuwa guda ke hawa, sarautarta gado ce, ki ba ta suna irin Magajiyar Dutse. Mace mai riƙe da irin wannan amana ba baƙon abu ba ne ga mai karatunmu, ya san Iya a fadar Maradi da Inna a Gobir. Tana tafe da ƴan mata bakwai, kowace na wakiltar idon ruwa guda. Kowane fure ta gani, ta jefa tsakuwa ɗaya a ƙwarya. In sun gama ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ɗora a ka, su gangaro. Jama'a na ƙasa sun kwana biyu ba su hura wuta ba. Tun daga nesa kowa ya zuba ido kan tafiyar tsohuwar. In wuyanta ya sunkuya, tana dafa dutse, ƙwarya ta yi nauyi ke nan, sai guɗa ta tashi tun kafin ta iso. In kuwa ta taho a miƙe, da sauri kamar budurwa, sai mata su fara ɗaure kaya. A wannan gari babu mugun gani irin a ga tsohuwa tana tafiya da ƙarfi.

Fure ɗaya kaɗai aka yarda ta tsinko. Shi kuma tsiron sanyi ne, da an fara gangara zafi na ƙaruwa sai ya fara yaushi, kafin a iso gari ya yi baƙi ya nannaɗe. Don haka a cikin dubban mutanen da ke rantsuwa da shi, takwas kaɗai a kowane zamani suka taɓa ganin sa a buɗe. Sauran labari suke ji. Masu saƙa suna sa shi a zane, masu sassaƙa a ƙofa, kowa da yadda ya zana, kuma babu wanda ya dace. Busasshen da ya iso a ƙona shi, a shafa tokar a goshin jariran shekarar da kuma na masu sauka cin rani, wai don dutse ya gane su in sun dawo.

In kina son ya yi magani, ba shi cuta ɗaya, ki kuma sa masa farashi. Haka tsirrai suke a gaske. Tumfafiya tana cikin magungunan gargajiya, amma ruwan nononta in ya shiga ido ya yi ɓarna. Zaƙami kin san abin da yake yi wa masu wasa da shi. A ce ɗigon ruwan furenki yana buɗe ƙirjin yaron da numfashi ya sarƙe, amma wanda ya sha yakan rasa jin ƙanshi har abada. Uwa za ta yarda, ba shakka. Sai dai yaron ya girma a garin da turaren toka shi ne ibadarsu, shi kuwa bai san me ake ji ba. Ga jarumi kin samu.

Sai dokoki. Ba a hawa da ƙarfe. Ba a wuce wani farin dutse da akuya. Ba a hura wuta a sama. Ba a jifar sha-huda ko'ina a ƙasar, wanda ya kashe ta sai ya yi mata likkafani. Ke marubuciya kin san dalili: wuƙa tana kaiwa ga saiwa, akuya tana cinye toho, hayaƙi yana korar tsuntsun da in babu shi babu iri. Amma kada ki sa wannan bayani a bakin mutanenki. Su abin da za su ce shi ne "haka muka tarar". Ki bar mai karatu ya gano da kansa, zai ji daɗin wayonsa. Kuma ki jefa doka ɗaya ko biyu da ba su da wani dalili sam, kamar a ce mai hagu ba ta hawa. Al'adar gaske haka take, hikima da camfi a tukunya ɗaya, kuma masu ita ba sa iya rarrabewa. In kowace doka ta zo da hujja, littafin zai yi warin ofishinmu na gandun daji.

Sunan Furen Haske ma ki sake shi. Ji yadda Bahaushe ke raɗa wa tsiro suna: haukata-yaro, sha-ni-ka-san-ni, ci-ni-da-zugu, nonon kurciya. Ko ya faɗi halinsa, ko ya yi gargaɗi, ko ya kwatanta shi da abin gida, sau da yawa da ɗan shaƙiyanci a ciki. Nawa misalin zan kira shi ƙi-sauka. Wannan shi ne sunan da yara da makiyaya da mutanen ƙasa za su faɗa. Amma abin da ake jin nauyinsa ba a kama sunansa, kamar yadda uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma ake cewa mutanen ɓoye maimakon a ambace su. To a bakin manya sunansa Baƙuwa. "Baƙuwa ta sauka?" "Ta leƙo, ba ta zauna ba." Ranar da wani saurayi ya miƙe gaban dattawa ya ce ƙi-sauka gatsal, mai karatu ya san an fara tawaye, ba sai kin gaya masa ba.

Rikicin littafin ma yana nan kwance. Akwai wani fure na tsaunukan Tibet, ɗan'uwan brahma kamal ɗin nan, da ake ɗiba don magani da sayar wa baƙi. Masu ɗiba dogaye suke zaɓa, kuma suna tsinke su ne kafin su zubar da iri, ga shi sau ɗaya yake fure a rayuwarsa. A 2005 masana suka gwada busassun samfuran da aka adana tun kimanin shekara ɗari da waɗanda ake sayarwa a lokacin, suka ga furen ya gajarce da kusan santimita 10. Gajerun da aka raina su ne suka yi ta haihuwa. A wurin da mutanen Tibet ke ɗauka mai tsarki, inda ba a cika ɗiba ba, tsiron ya fi tsawo. Ki kawo wannan cikin labarinki. Wani falke ya zo da gishiri da tufafi, ya ce sarkin ƙasa zai ba da raƙumi a kan kowane busasshen fure. Samari su fara hawa da dare. Kakanni su ce a zamaninsu Baƙuwa tana kai gwiwa, jikoki su yi dariya su ce tsufa ne. Ƙwarya ta fara sauƙi alhali gajimare yana nan, a kori gidaje zuwa cin rani a shekarar da ruwa bai ƙafe ba. Amana ta karye ke nan tsakanin mutane da furen, kuma babu wanda ya san laifin wane ne.

Ko kuma ki bar falke, ki dubi tsohuwar kanta. Ita ke jefa tsakuwa. Bana layin gidan ɗanta ne zai sauka in ƙwarya ba ta cika ba. Ƴan matan bakwai suna kallo ta jefa biyu a kan fure ɗaya. Shida suka sunkuyar da kai. Ta bakwai ita ce mai ba da labarin. Ni da ni ne, nan zan fara babi na ɗaya.

Batun tsoron da kika ambata, ni ba malami ba ne, hukunci ki kai shi wurin masu shi. Abin da na sani shi ne labarin Barbushe ana karantar da shi a makarantu, ban ji wanda ya koma bautar Tsumburbura saboda haka ba. Kuma ki lura, furen da na kwatanta miki ba ya ba da ruwa, ba ya hanawa, alama ce irin ta shamuwa da ke gaya wa manomi damina ta kusa. Mutanen cikin labarin ne suka ɗora masa abin da suka ɗora. Furenki na farko mai tayar da matacce shi ne ma zai fi jawo miki magana.

Saura walƙiya, don na ga kina son ta, ta fito sau tara a babi uku. A halitta babu fure mai ba da hasken kansa. Wasu naman kaza suna yi, ƙwari irin makyalli suna yi, fure dai babu. Ƙagaggen labari ne, kina da ikon sa shi ya yi, amma akwai hanya mafi daɗi. Farin gashin nan da ya rufe ganyen, in raɓa ta kwanta masa ta daskare, farin wata ya doke shi, daga nesa zai yi ƙyalli kamar azurfa. A tsibirin Hawayi akwai tsiron kan dutse mai irin wannan gashi, har sunan takobin azurfa aka ba shi. Sai ki sa hawan ya zama daren sha huɗu ga wata, don a daren ne kaɗai ake iya hango su a ƙirga. Ƴan matan su sauko su rantse cewa furen haske yake yi, kuma ba ƙarya suka yi ba, abin da idonsu ya gani ke nan.

Kafin ki koma kan rubutun, ki nemi tumfafiya guda a wani kango kusa da ku. Mako ɗaya, ki je wurinta da sassafe da kuma gab da magariba, da littafi a hannu. Rubuta wane ƙwaro ke zuwa, da wane lokaci, yaya toho yake kafin ya buɗe, wane launi ke cikin furen da ba ki taɓa lura ba, yaya warin ganyen yake. Kada ki taɓa ido in kin taɓa ta. Sannan ki zana naki furen a takarda, da saiwarsa, ki manna a bango inda kike rubutu. In kin gyara babi na biyu ki aiko mini, ina son in ga tsakuwa nawa za ki sa a ƙwaryar shekarar farko.